Yadda ake zaɓar gadon jariri na tafiya, da yadda ake kafa shi

Jariri a ƙasar Hausa tun yana ɗanyen goyo yake fara tafiye-tafiye. Uwarsa za ta tafi wankan gida wajen iyayenta, daga nan a yi yawon arba'in, sai bikin dangi a wani gari, sai hutun sallah. Duk inda aka sauka, tambayar ɗaya ce: ina za a kwantar da shi? Abin da aka saba shi ne a shimfiɗe shi a tsakiyar babban gado a tokare shi da filo hagu da dama, ko a ajiye shi a kan kujerar falo ana hira. Waɗannan wurare biyu suna cikin mafi haɗari ga jaririn da bai kai shekara ba, musamman kujerar kushin, domin fuskarsa tana iya nutsewa a lungun da ke tsakanin mazauni da majingina. Gado mai naɗewa yana magance wannan matsala, matuƙar an sayi na kirki kuma ba a ƙara masa komai ba.

Ƙa'idar da duk sauran bayanin ya rataya a kanta ita ce: jariri yana barci a rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri wadda ba ta karkace ba, shi kaɗai, babu filo, babu bargo, babu 'yar tsana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sake jaddada wannan a shawarwarinta na 2022. Dalilin a fili yake. Jaririn wata biyu ko uku ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗaga kansa idan hancinsa ya lume a abu mai laushi. Sai ya riƙa shaƙar iskar da ya fitar, ba tare da ya yi kuka ba, kuma ba tare da wani ya ji motsi ba. Mafi yawan mutuwar farat ɗaya a cikin barci tana faruwa ne kafin jariri ya cika wata 6, ta fi tsanani tsakanin wata 1 da wata 4, wato daidai lokacin da ake yawan yawo da shi gidajen 'yan uwa. Bayan da aka fara gangamin kwantar da jarirai a rigingine a Amurka a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi.

Irin gadajen da za ku tarar

Abubuwa uku ne ake kira gadon jariri na tafiya a shagunan kayan jarirai, kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne gado mai ƙafafu da bangon raga ta ɓangare huɗu, wanda ake naɗewa ya koma kamar doguwar jaka. Ƙirar Turai yawanci tsawon santimita 120 ne da faɗin 60, ƙirar Amurka kuwa ta fi gajarta ta fi faɗi, kusan 100 da 70. Yana ɗaukar yaro har zuwa kilo 14 ko 15. Wannan shi ne wanda ya cancanci kuɗinku, domin zai yi aiki daga haihuwa har wajen shekara biyu.

Na biyu ƙaramin gado ne na sabon haihuwa. Ba shi da laifi idan ƙasansa mai tauri ne kuma a daidaice yake, sai dai kwanansa kaɗan ne: da zarar jariri ya fara juyi ko ya fara dafa hannu yana ɗago ƙirji, wajen wata 4 zuwa 5, an gama da shi.

Na uku shi ne wanda ya fi yawa a kayan barka da na suna: 'yar katifa mai laushi cike da auduga, gefenta a kumbure, da ɗan filo, da gidan sauro mai buɗewa kamar lema. Yana da kyau a ido, ga sauƙin ɗauka, ga araha. Amma duk abin da ake gudu yana tattare a cikinsa. Katifar tana lotsawa, gefen yana toshe hanci idan jariri ya matsa kusa da shi, filon kuma yana tanƙwara wuya. Kada ku bar jariri ya kwana a cikinsa. Idan an riga an kawo muku shi kyauta, ku cire filon ku ajiye, ku yi amfani da shi da rana kawai lokacin da jaririn yake ido biyu kuma wani babba yana zaune kusa yana kallonsa.

Haka nan duk wani gado ko kujerar lilo da ke ɗaga kan jariri sama. Idan shimfiɗa ta karkace, kansa mai nauyi yana rinjayowa gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse. A watan Afrilun 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye kujerar barcin Rock 'n Play guda miliyan 4.7 daga kasuwa bayan rahoton mutuwar jarirai sama da 30, kuma a 2022 Amurka ta kafa dokar da ta haramta sayar da abin barcin jarirai da karkatarsa ta wuce digiri 10, tare da filo mai laushi da ake zagaye cikin gado da shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kayan da aka daina sayarwa a can suna iya ɓullowa a dilolin gwanjo a nan.

Abin da za ku duba kafin ku biya

Ku tafi da tef ɗin awo na tela da fensir. Ido ya san kima, amma a wannan ciniki santimita ɗaya tana da muhimmanci. Ku sa mai shago ya fito da gadon daga kwali ya kafa shi a gabanku, sannan ku naɗe shi ku sake kafawa da hannunku. Wanda ya ƙi a buɗe, ku nemi wani shagon.

Ku fara da sandunan sama, domin a nan ne haɗari mafi muni yake. Kowace sanda tana da gaɓa a tsakiyarta, inda take karyewa biyu idan za a naɗe. Idan an ɗago ta dole ku ji ta ce ƙas, ta miƙe sambal. Bayan kun kafa, ku ɗora tafin hannu a tsakiyar kowace sanda ku danna da ƙarfi, duka huɗun, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta lanƙwashe ko kaɗan, ko take buɗewa ba tare da an matsa maɓallinta ba, ta kashe cinikin. Yaron da ya fara tsayuwa yakan rataya a jikin sandar, idan ta rufta sai ta haɗe kamar almakashi ta matse masa wuya. Haka ya faru da wani yaro ɗan wata 16 mai suna Danny Keysar a gidan renon yara a birnin Chicago a 1998, a cikin gadon da aka riga aka janye daga kasuwa tun 1993, mai gidan renon ba ta sani ba. Sashen dokar Amurka ta 2008 da ya tilasta gwajin kayan jarirai sunansa yake ɗauke da shi.

Sai katifa. A nan iyaye suka fi ruɗuwa. Katifar gadon tafiya siririya ce, kaurinta bai cika wuce santimita 2 zuwa 4 ba, da katako ko allo mai tauri a cikinta. Mai taɓa ta zai ce wannan ai ta yi wa jariri tauri. Da gangan aka yi ta haka. Ku danna ta da tafin hannu a tsakiya da gefe: ya kamata ta dawo nan take ba tare da shatin hannunku ya zauna ba. Sannan ku tura ta gefe guda ku sa yatsu a ratar da ta rage tsakaninta da raga. Idan yatsu fiye da biyu suka shige, ratar ta yi yawa. Ku duba ƙasanta: gado mai kyau yana da maɗauri masu mannewa ko maɓallai da ake zurawa ta ƙofofin ƙasan gadon a ɗaure ta waje, don kada yaro ya ɗaga katifar ya shige ƙarƙashinta. Idan an yanke maɗaurin ko sun ɓace, katifar ba ta cika ba.

Raga kuma a bi ta da ido da hannu, daga sama har inda aka ɗinke ta da ƙasa. Idanunta su kasance ƙanana, ƙasa da milimita 6 ko 7. Idan fensir ya wuce ta cikin ido ɗaya, yatsan jariri ko maɓallin rigarsa zai maƙale. Kada a samu yagewa, ko zare mai lilo, ko wurin da ɗinki ya fara warwarewa. Ragar ta kasance a ɗame. Wadda ta saki tana yin aljihu a gefen katifa, jariri ya gangara ciki. Gadon da raga ta sauko har gindin katifa ta kowane ɓangare ya fi wanda aka zagaye ƙasansa da yadi mai kauri, don iska da kuma don ku riƙa hango fuskar jaririn daga inda kuke kwance.

Ku auna zurfi daga saman katifa zuwa bakin sanda: kada ya gaza santimita 50. Idan gadon na katako ne mai naɗewa, ratar da ke tsakanin sandunansa kada ta wuce santimita 6. Gwangwanin lemo mai kauri bai kamata ya wuce ta tsakaninsu ba. Gadon da gefensa guda yake zamewa sama da ƙasa kuwa, an hana sayar da shi a Amurka tun 2011, ku bar shi ko da kyauta ne.

Daga ƙarshe ku girgiza gadon. Ƙafafunsa duka su taɓa ƙasa, kada ya yi rawa. Idan yana da tayoyi, ya zama biyu ne kawai a gefe guda, ko kuma suna da birki.

Takardar da ke jikinsa

Ku leƙa ƙasan gadon ko jikin ƙafarsa, akwai ƙyallen da aka ɗinka mai ɗauke da sunan kamfani, lambar samfuri da ranar ƙira. Ku nemi ɗaya daga cikin waɗannan: EN 716, ma'aunin Turai na gadajen yara har da masu naɗewa, ko ASTM F406, wanda Amurka ta mayar wajibi ga gadajen raga tun watan Fabrairun 2013. Ƙaramin gadon sabon haihuwa na Turai EN 1130 ake rubuta masa. Alamar CE ba ita ce shaidar gado ba, ta kayan wasa ce da na lantarki da makamantansu, don haka kada mai shago ya nuna muku ita a matsayin hujja. Kuma rubutu a kwali abu ne mai sauƙin bugawa, shi ya sa gwajin hannu da aka bayyana a sama ya fi kowace alama.

Gwanjo ba laifi ba ne. Gadon kamfanin kirki da aka yi amfani da shi shekara ɗaya yakan fi sabo marar suna. Sharuɗɗansa dai su cika: takardar jikinsa tana nan ana iya karantawa, ƙirar 2013 ce ko bayanta, katifarsa ta asali ce, babu inda aka ɗaure da waya ko aka yi wa walda ko aka like da gam. Tun kuna tsaye a kasuwar ku rubuta sunan kamfanin da lambar samfurin a shafin intanet na CPSC, hukumar Amurka mai sa ido kan haɗarin kayan da ake sayarwa, ku ga ko yana cikin kayan da aka janye. Ku buɗe ɗinkin kusurwoyi ku duba ko akwai kuɗin cizo, ku shinshina katifar ko tana warin fumfuna. Katifar da ta yi fumfuna ba ta wankuwa.

Batun nauyi kuwa, masu sauƙi suna kai kilo 5 zuwa 7, manyan masu tarkace kilo 10 zuwa 13. Idan motar haya kuke shiga, ku zaɓi mara nauyi mai jaka da hannun ɗauka, ku auna tsawonsa a naɗe ku tabbata zai shiga but. Kiɗa, fitila, abin lilo da 'yan tsana masu rataye duk nauyi ne da kuɗi kawai, babu wanda yake ƙara lafiya a cikinsu.

Kafawa da naɗewa

Mafi yawan gadajen raga suna da cibiya a tsakiyar ƙasansu, mai igiya ko hannun ja. Kuskuren da kusan kowa yake yi a karon farko shi ne danna cibiyar ƙasa tun kafin a kulle sanduna. Idan aka yi haka sandunan ba za su taɓa kulluwa ba, sai mutum ya yi ta kokawa da su, wani ma ya haƙura ya bar ɗaya a sake. Ga yadda ake yi:

1. A tsayar da gadon a kan ƙafafunsa, a ɗan buɗa su, cibiya tana sama kusan daidai da bakin gadon.
2. A kama tsakiyar kowace sanda a fizgo ta sama har ta yi ƙara. A yi wa duka huɗun.
3. Sai yanzu a danna cibiyar ƙasa har ƙasan gadon ya baje ya kulle.
4. A shimfiɗa katifa, ɓangare mai laushi yana sama, a zura maɗaurinta a ɗaure ta ƙasa.
5. A sake danna sandunan huɗu kafin a sa jariri. Wannan a yi shi kowane dare, domin yayyensa sukan taɓa maɓallan da rana.

Wajen naɗewa a juya tsarin: a cire katifa, a ja cibiya sama tukuna, sannan a ɗan ɗaga tsakiyar sanda a matsa maɓallin a sauke ta. Idan sanda ta ƙi sauka, cibiyar ce ba ta hau sosai ba. Kada a yi mata ƙarfi, nan ne makullin yake karyewa.

Zanin gado ɗaya ya isa, mai roba a baki wanda aka ɗinka daidai girman katifar. Idan babu shi, tela zai ɗinka muku da yadin auduga, a bar ƙofofin da maɗaurin katifa za su wuce. Zani ko atamfa da aka ninka aka shimfiɗa a sama yana tattarewa da motsin ƙafar jariri ya taru a fuskarsa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a nan: kada a je wajen masu katifa a yanko soso a ƙara. Tausayi ne yake sa a yi haka, kuma sau da yawa kaka ce ko gwaggo za ta ce yaron nan ƙashinsa zai yi ciwo. A yi musu bayani cikin girmamawa. Bangon gadon raga ne mai miƙewa. Idan aka ɗora soso mai kauri, jariri yana iya tura ragar ya faɗa tsakaninta da soson, fuskarsa a manne, ba shi da hanyar fita. Kaurin soson kuma yana rage zurfin gadon, yaron da ya fara tsayuwa ya samu matakalar haurowa. Jariri ba shi da nauyin da tauri zai dame shi kamar babba.

Wasu gadajen suna zuwa da bene na sama da ake ratayawa don sabon haihuwa. Yana hutar da bayan mai jego, amma iyakarsa kusan kilo 7 ne, ko ranar da jariri ya fara juyi, duk wanda ya riga zuwa. Tiren canza ƙunzugu da ake ɗorawa a baki ba wurin barci ba ne, kuma a cire shi duk lokacin da yaro yake cikin gadon. Tagwaye kowa da gadonsa.

Sauro, zafi da hunturu

Ragar gado ba gidan sauro ba ce, samansa a buɗe yake. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne cutar ta fi kashewa, saboda haka gado ba tare da gidan sauro ba rabin aiki ne. Hanya mafi kyau ita ce a rataya gidan sauro mai magani daga sama, ya rufe gadon gaba ɗaya har ƙasa, a tura bakinsa ƙarƙashin ƙafafun gadon, ya zama a ɗame kuma nesa da hannun yaro. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa na awa 24 kafin a fara amfani da shi. Ƙaramin mai roba a baki da ake kifawa a saman gado yana yi wa sabon haihuwa, amma da zarar yaro ya iya zama ko tsayuwa zai jawo shi ya nannaɗe jikinsa. Kada a kunna maganin sauro mai hayaƙi kusa da gadon, kada a yayyafa fiya-fiya a ɗakin da jariri zai kwana. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba.

Zafi ma yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar barci. A watannin Maris da Afrilu, ƙunzugu da 'yar shimi sun ishe shi. Hula da safa da rigar sanyi a cikin ɗaki mai zafi cutarwa ce, domin ta kai jariri yake fitar da zafin jikinsa. Kada a auna da tafin hannunsa ko ƙafarsa, waɗannan kullum da ɗan sanyi suke. A taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, idan da gumi a rage kaya. Fanka ba laifi, a juya ta kada ta riƙa bugunsa kai tsaye. Kada a lulluɓe saman gadon da zani ko bargo don kare haske, yana tare iska ya tara zafi.

Da hunturu kuma a ƙara masa kaya a jiki maimakon bargo: riga mai dogon hannu da wando haɗe, ko jakar barci mai hannu daidai girmansa wadda wuyanta ba zai haura haɓarsa ba. Idan ana naɗe shi da zani, a daina da zarar ya fara yunƙurin juyi. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗakin mai jego a fitar da shi kafin a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jariri ne take fara kamawa. Haka janareta: a waje, nesa da taga.

Inda za a ajiye shi a gidan da aka sauka

A ƙasa, a daɓe mai daidai, a ɗakin da uwar take kwana, kusa da gadonta yadda za ta miƙa hannu ta ɗauko shi ta ba shi nono ta mayar. Kwana ɗaki ɗaya ba gado ɗaya ba, aƙalla watanni 6 na farko, shi ne abin da likitocin yara suke so. Kada a ɗora gadon a kan babban gado ko tebur. A nisanta shi da labule da igiyarsa, da wayar caja, da soket, da ƙusar da aka rataya jaka ko hijabi. Duk abin da ke da igiya a wuyan jariri, laya ce ko sarƙa ko igiyar abin tsotso, a cire kafin barci. Kada a ja gadon ko a ɗaga shi yaro yana ciki. A cikin mota kuwa gadon yana but a naɗe, jariri yana kujerar mota ta jarirai. Idan an isa masauki a ciro shi daga kujerar a kwantar da shi a shimfiɗe.

Bayan kowace tafiya a goge katifa da ruwan ɗumi da sabulu, a bar ta ta bushe sarai kafin a naɗe, musamman da damina. Kada a bar gadon kwana da kwanaki a rana, tana cinye ragar ta sa robobin gaɓoɓi su yi ta tsagewa. Ana daina sa yaro a ciki idan tsayinsa ya kai santimita 89, ko nauyinsa ya kai abin da aka rubuta a takardar jikin gadon, ko ranar da aka ga ya ɗora ƙafa a kan sanda yana neman haurowa, ko da bai kai sauran biyun ba.